Sunan Baba Laminu Magini da ban sa a takardar gasa ba

Baba Laminu Magini ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin ya same ni da safiyar nan, ina bakin ƙofa da makullin mota a hannu zan tafi biro, wato ofis. 'Yarsa Rabi ce ta kira. Ko gaisuwa ba mu yi ba, ta ce, "Yaya Issufu, Baba ya cika bayan sallar asuba." Na ce to. Na sake cewa to. Ban san sa'ad da ta kashe wayar ba.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa. Na zauna, zaman ya gagare ni. Na tashi na je mota, ban ɗauko komai ba na dawo. Na sake tashi. Sai da Maigari ya dube ni sau biyu. Daga ƙarshe na sulale na taho nan filin kokawa, kuma a nan nake wannan rubutu, in hau matakala in sauko, in rubuta layi biyu in sake hawa.

Akwai maganar da ya kamata in faɗa tun yana da rai. Za ta yi tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, magini ne a wani gari da ke bayan Tirmini. Bai taɓa zama a bencin lakwal, makarantar boko, ba. Ni kuwa arshitek ne, mu ne masu zana gini a takarda wasu su sha rana.

A shekarun fari na san shi, farin nan da har yau tsofaffi ba sa son a tayar da zancensa. Ina sabon fitowa daga karatu, an ɗauke ni aiki a biron gine-gine a Zinder, kaina ya fi hulata girma. Gero bai yi ba. Rumbuna sun zama fanko, samari na ta ficewa kudu. Sai hukuma ta ce a buɗe ayyuka a garuruwa, wanda ya yi aikin wuni a ba shi hatsi, ko mutane sa zauna. Wani gari aka ba su gyaran hanya, wani rijiya. Garin su Baba aka ce filin kokawa, don sun yi suna da 'yan kokawa tun kakanni.

Mutanen gari ba su ɓoye abin da ke ransu ba. Wata tsohuwa ta tare ni ranar farko ta ce, "Ɗana, da wa za a yi kokawar, da yunwa?"

Ni aka turo da zane. Fili a shimfiɗe a bakin hanya, katangar siminti, rumfar manya a gabas. Sati biyu na yi ina zana shi, kuma ina ji da shi.

Maigarin wancan lokaci ya haɗa ni da magininsu. Dogo ne, siriri, da goro a kunci. Ya karɓi takardar, ya daɗe yana dubawa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Mushe, zanenka ya yi kyau. Ruwa nawa yake sha?"

Mushe ake kiran kowane ɗan boko a lokacin. Shi bai daina kira na haka ba har na yi furfura.

A rijiyar garin mace kan tsaya tun hantsi har azahar kafin ta cika tulu ɗaya. Kamiyon siminti kuma da aka yi mana alkawari, har yau bai iso ba.

Ya ce in biyo shi. Muka ratsa gari muka ɓulla bayansa, wurin kududdufin da aka ɗebi ƙasar gina gidajen garin tun asali. Ya ƙafe ƙaf, ƙasansa ya tsattsage. Tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin gindinsa ba sai wannan shekara.

Ya tsaya a bakin ramin ya ce, "Allah ya kwashe ruwan ya bar mana ramin. Ba gini za mu yi ba, Mushe, sassaƙa za mu yi."

Ga abin da yake nufi. A sassaƙa gaɓar ramin ta zama matakala, mutane su zauna a kai. A jera wa kowace matakala dutse, a toshe tsakaninsu da tsakuwa, ba kwaɓi, ba ko ɗigon ruwa. Ƙasar da aka sassaƙo a cike rabin ramin da ita ya zama dandali, ɗaya rabin a ƙara masa zurfi. Sai a karkato da 'yar ƙoramar da ke gangarowa daga tudun yashi ta riƙa zubowa ta kan dandalin.

Na yi dariya. Na ce, "Baba, in damina ta dawo fa? Ai ruwa zai cinye filin."

Ya ce, "In ta dawo ai sai godiya. Ya cika, yara su yi iyo, shanu su sha. Wa ke kokawa da damina, kowa na gona? In kaka ta yi ruwa zai janye ya koma wajen zurfi, ya bar mana yashi sabo."

Na koma Zinder na rubuta rahoto shafi uku. Na ce wannan ba aiki ba ne, wasa da hatsin hukuma ne. Na ce duwatsun da ba siminti ruwan farko zai kwashe su. Na ce maginin ba shi da ilimin aikin. Da wannan hannun na rubuta, na sa hannu, na buga hatimi.

Ba wanda ya karanta. Lokacin kowa na biro hankalinsa na kan buhunan hatsi. Aka ce in koma in sa ido, ko mene ne a yi, muddin mutane na aiki.

Baba ya san da rahoton. Direban da ya kai ni ne ya fesa masa. Bai taɓa tayar mini da zancen ba. Abin da ya yi kawai, ranar da na dawo ya gutsuro goro ya ba ni, ya ce, "Sannu da rubutu."

Abubuwa na ta dawo mini yanzu, ba a jere ba.

Na tuna yadda ya raba aiki. Masu ƙarfi su ɗauko dutse daga tudu. Tsofaffin da ko fartanya ba sa iya ɗagawa, ya zaunar da su a inuwa ya ce su riƙa zaɓar masa tsakuwa, manya gefe, ƙanana gefe. Na ce masa wannan ai ba aiki ba ne. Ya ce in yi ƙasa da murya. Daga baya na gane tsakuwar ba ta bukatar zaɓe, so yake su ma su koma gida da hatsi ba tare da sun roƙa ba.

Na tuna ranar da zazzaɓi ya kayar da ni. Ya kwantar da ni a zaurensa, ya sa aka dama mini kunu da geron gidansa, a shekarar da ko 'ya'yansa ba sa ƙoshi.

Na tuna gawo uku da ke yammacin ramin. Makiyaya na sassabe rassan itatuwa don dabbobi, ba wanda zai ga laifinsu. Shi ya je ya same su, ya roƙa, ya nuna musu wasu can nesa, har ya raka su. Na tambaye shi me ya sa waɗannan ukun. Ya ce, "Gawo da rani yake ganye. Da rani ake kokawa. Da la'asar kuma rana daga can take dukan ido." Ni kuwa a gabas na zana rumfar manya, inda da sun zauna rana na cikin idonsu.

Ga su nan a gabana, yanzu sun kai takwas. Inuwarsu ta fara hawa matakala ta uku.

Ranar da sufurefe, shugaban hukumar yankin, ya zo dubawa, aiki ya kusa ƙarewa. Ya zaga, ya hau, ya sauko, ya ce a Faransanci wa ya yi tunanin wannan. Na ji tsoron kada a tono zancen rahotona. Aka fassara wa Baba. Ya nuna ni ya ce, "Mushe ne ya kawo takarda daga Zinder."

Ba ƙarya ya yi ba, na kawo takarda. Sufurefe ya miƙo mini hannu, na karɓa.

Daga ranar na fara karɓar abin da ba nawa ba, kuma bai yi mini wuya ba.

An yi kokawar farko tun fari bai wuce ba. Samari biyu, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu, suka kama juna suna tangaɗi, suka faɗi tare. Aka rasa wa ya ka da wa. Garin gaba ɗaya ya tuntsire da dariya, har tsohuwar nan da ta tare ni. Tun zuwana garin ban ji dariyar mutane da yawa haka ba.

Da ruwa ya dawo, ramin ya cika har matakalar sama. Na zo da kaka in ga ɓarna. Dutse ɗaya bai gusa ba. Dandali ya fito da yashi fari mai laushi, sai ka ce an tankaɗe shi. Baba na tsaye yana kallona ina duddubawa. Ya ce, "Mushe, ko za a ƙara rahoto?"

Tun daga nan ban rabu da shi ba. Duk ginin da na yi a Damagaram wanda mutane suka yaba, sai da na kawo masa zanen ya tambaye ni ruwa nawa yake sha.

To ga maganar da ta hana ni zama.

Bara wani abokin aiki ya turo mini sanarwar wata gasa ta duniya, ta wuraren wasanni da shaƙatawa. Manyan filayen ƙwallo, wuraren iyo masu rufin gilashi, irin waɗannan. Amma akwai rukunin wuraren da suka daɗe suna yi wa mutanensu amfani. Nan take filin nan ya faɗo mini. Na zo na auna shi, na zana abin da ya riga ya tsaya shekara da shekaru ba zane. Na ɗauki hoto da damina yara na tsalle daga matakala cikin ruwa, mata na ban ruwan albasa a gefe. Na ɗauka da rani, makaɗa na kiɗa, matakala cike maƙil. Na haɗa dosiye, takardun shiga gasar.

A shafin farko akwai layi ɗaya: sunan wanda ya tsara wurin.

Na je na same shi a zaure. Na ce, "Baba, sunanka zan sa."

Ya girgiza kai. Ya ce, "A'a. Aikin maigidana ne, Kyari. Shi ya koya mini jera dutse."

Magini Kyari ya rasu tun kafin fari da daɗewa. Bai taɓa ganin gindin kududdufin nan ba.

Ku da ba 'yan nan ba, bari in yi muku bayani. A wurin maginanmu, mutum ba ya buɗe baki ya ce ni na gina. Ko ya shekara saba'in yana aiki, in ka tambaye shi zai ambaci wanda ya koya masa. Ba don a manta da shi yake yin haka ba. Ya riƙe sunan maigidansa ne, shi kuma nasa yana bakin waɗanda ya koya wa. In ya ce a'a, kai da ke ƙasa da shi ne za ka ce i, ka faɗa da ƙarfi inda ba ya nan. Haka sunan kowane magini yake rayuwa.

Ni ɗan Damagaram ne. Na san wannan tun ban san karatu ba.

Na koma biro na zauna gaban layin nan. Na ce wa kaina ai na tambaye shi ya ƙi. Na ce in na sa Kyari alƙalan gasar za su ga mamaci ya yi aiki bayan mutuwarsa. Na ce Turawa takardar shaida suke so, kuma ni ke da ita, ni na yi zanen, ni hukuma ta turo. Na daɗe ina ba kaina hujja, kuma duk na yarda da su.

Na rubuta sunana. Nasa na sa shi can shafin baya, cikin jerin ma'aikata.

Watan jiya wasiƙa ta zo, mun shiga cikin 'yan kaɗan ɗin da za a fitar da gwani a cikinsu. Sun yaba gini ba ruwa a shekarar da ba ruwa. Sun yaba wuri ɗaya da ke aiki biyu, damina da rani. Har gawon sun ambata. Na ɗauko tsohon rahotona, don ina da kwafi, na ajiye su gefe da gefe. Duk abin da suka yaba, akwai layin da na zage shi a ciki.

Sati uku ke nan na zo na kawo masa albishir. Shi ne ganinmu na ƙarshe. An fito da shi an zaunar a kan matakalar sama, ƙarƙashin gawo, ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi rauni. Na karanta masa wasiƙar ina fassarawa. Da na zo wajen gawo ya yi dariya har ya yi tari.

Sai ya ce, "Sun tambayi wanda ya yi?"

Na ce, "Sun tambaya, Baba."

Ya ce, "Ka faɗa musu?"

Na ce, "Na faɗa."

Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "Madalla, Issufu." A iya sanina sau biyu ko uku ya taɓa kiran sunana na yanka.

Na shiga mota na ce gobe zan rubuta musu in gyara. Gobe ta yi na ce bari a fitar da sakamako tukuna, in mun ci sai in faɗa a kan dandamali, ya fi armashi. Ƙarya nake yi wa kaina. Tsoro nake ji, don ƙa'idar gasar ta ce wanda ya ba da bayanin da ba daidai ba, za a cire shi. Gari kuma ya riga ya ɗauka, samari sun share fili, makaɗa sun fara shiri.

Ɗazu a wurin gaisuwa, mutum uku daban-daban sun riƙe hannuna suna godiya. Wani ya ce, "Kullum sai ya faɗa mana, Mushe ya kai sunana ƙasar Turawa." Shi ya sa na kasa zama.

Na aika wa masu gasar saƙo daga nan, daga kan matakalar da ya zauna. Na ce sunan da ke shafin farko ba daidai ba ne, kuma ba kuskure ba ne, da sani na rubuta. Na ba su sunan mai aikin. Na haɗa musu da hoton rahotona, su ga matsayina a aikin. Na ce in za su cire mu su cire, amma ko a takardar cirewar su rubuta sunansa.

Ban san me za su ce ba. Wataƙila na ja wa garin nan asarar abin da suka sa rai a kai. Wannan ma ni zan tsaya gaban Maigari in faɗa.

Ba zan saki wannan rubutu ba sai na gaya wa Rabi da bakina. Bari in je.

Na je, na dawo.

Na same ta a tsakar gida cikin mata, na roƙa ta fito zaure. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Ina jira ta yi kuka ko ta zage ni, ta cancanci yin duka biyun.

Ta gyara mayafi ta ce, "Yaya, ai mun sani."

Wai malamin lakwal ɗin garin ya ga sanarwar waɗanda aka zaɓa a gasar a waya, kwana kaɗan bayan zuwana da wasiƙar. Ya kawo wa Baba da murna, ya karanta masa, har sunan da ke jiki. Ta ce ranta ya ɓaci, ta ɗauki waya za ta kira ni, Baba ya hana. Ya ce kada wanda ya yi mini magana, kada kuma a faɗa a gari.

Na ce, "Amma ya ci gaba da gaya wa mutane na kai sunansa?"

Ta ce, "Har jiya da la'asar. Na ce masa Baba me ya sa kake faɗin haka. Ya ce, ku bar shi, zai faɗa. Mushe sai ya yi gardama tukuna, amma yana zuwa."

Ya rufa mini asiri gaban sufurefe ina saurayi. Ya sake rufa mini ina da jikoki. Na zo, Baba, amma na tarar an tafi da kai.

To bari in faɗa yadda ake faɗa, ko da a makare.

Filin kokawar da ke cikin kududdufi a bayan Tirmini ba aikina ba ne. Aikin maigidana ne, Laminu Magini, yaron Magini Kyari. Shi ya gani, shi ya tsara, shi ya jera. Ni takarda na kawo, kuma ba a yi aiki da ita ba.

Duk wanda ya taɓa zama a matakalar nan, ko ya yi iyo a ruwan nan yana ƙarami, in an yi zancen wurin ya ambaci sunansa.

Allah ya jiƙan Baba Laminu, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa. Yadda ya nema wa mutane inuwa a shekarar da ba inuwa, Allah ya sa shi a inuwarsa ranar tsayuwa. Yadda ya rufa asirin tsofaffi da nawa, Allah ya rufa nasa. Allah ya ba Rabi da 'yan'uwanta haƙuri.

Ina roƙonku, wanda ya karanta har nan ya tsaya ya yi masa addu'a, ya kira sunansa a ciki. In da saura, ku roƙa mini gafara ni ma.